Wane Ne Krebs Ɗin Nan da Ke Hana Mu Barci?

Duk wanda ya taɓa zama a ajin bayokemistiri a makarantar nan, ko ɗan sashen kimiyyar ɗakin gwaji ne, ko na fasahar abinci, ko na aikin gona, ya san sunan Krebs. Ni dai a matsayin sunan wahala na fara saninsa. Malam ya zana da'ira a allo, kibiya na bin kibiya, ga sunaye kamar na aljanu, ya ce a haddace kafin jarrabawa. Na haddace, na juye a takarda, kafin in kai bakin get rabi ya zube. Wallahi har na gama zangon nan ban taɓa kawowa a raina cewa Krebs mutum ne mai uwa da uba ba, balle in yi tunanin ya taɓa aiki ba albashi, ko an taɓa miƙa masa takardar kora.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne lokacin da na je siwes a ɗakin gwajin wani asibiti. Kullum sai an kawo jini a ce a duba yuriya, mu auna, mu rubuta lamba, a kai wa likita. Wata rana wani dattijon ma'aikaci da ke koya mana aiki ya tambaye ni daga ina yuriyar nan take shiga jinin mutum. Na ce daga ƙoda mana. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in koma in sake karatu. Abin ya yi mini ciwo, musamman da yake a gidanmu yuriya ba baƙuwa ba ce, duk damina sai Baba ya sayi buhunta ya zuba wa masara. Ashe abin da ke cikin buhun nan da abin da nake aunawa a jini abu ɗaya ne, kuma hanta ce ke yin sa. Ƙoda tacewa kawai take yi ta zubar a fitsari. Wanda kuwa ya gano yadda hanta ke haɗa shi, shi ne dai Krebs ɗin da na ɗauka abokin gaba. Manyan zagaye biyu ya gano. Wanda muke kwana haddacewa shi ne na biyu. Na farkon, na yuriya, shi nake so mu yi hira a kai, domin a ganina a nan ne ake ganin ko wane ne mutumin.

Kafin mu je Jamus, bari mu fahimci matsalar da ya tarar. Jiki yana da rumbun kitse, yana da ɗan rumbun sukari a hanta da tsoka, amma ba shi da rumbun furotin. In ka ci ƙosai, ko awara, ko wake da shinkafa, ko alat ya shigo ka ci tsire, ciki da hanji za su farfasa furotin ɗin zuwa ƙananan tubala da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne ake gina furotin da su. Jiki zai ɗauki abin da yake bukata ya gina tsoka da jini da sauransu. Ragowar ba ta da wurin ajiya, dole a rushe ta. Haka ma tsofaffin furotin na jikinka, kullum ana rushe su ana sake gini, ko ka ci nama ko ba ka ci ba. In ma ƙarshen zango ya zo aljihu ya bushe ka koma tsarin 0-1-0, jiki yakan juya kan tsokarsa ya rushe wani abu daga ciki don ya samar wa ƙwaƙwalwa sukari.

Kowane amino asid kashi biyu ne. Akwai gangar jiki ta kabon, wadda ake iya ƙonawa a samu ƙarfi, ko a mai da ita sukari ko kitse. Akwai kuma wani ɗan kai mai ɗauke da naitirojin, kuma shi ne rigimar. Da zarar an cire shi sai ya zama amoniya, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwa ko kaɗan ta taru a jini. Kowace halitta da dabararta. Kifi sakin amoniyar yake yi kai tsaye cikin ruwan da yake ciki, shi ya sa mai kiwon tarwaɗa in ya yi sakaci da sauya ruwa zai wayi gari ya ga asara. Kaza da sauran tsuntsaye suna mai da naitirojin ɗinsu yurik asid, wato farin nan da kuke gani a kashin kaji, wanda ba ya bukatar ruwa da yawa kafin a fitar da shi. Mu kuwa, da awaki da shanu da ɓeraye, yuriya muke yi. Tana narkewa a ruwa, kuma ba ta da dafin amoniya. Babban mutum yakan fitar da kamar giram 25 zuwa 30 a rana, gwargwadon furotin ɗin da ya ci. Zarnin da ke tarbar ku a banɗakin da ba a wanke ba ma ba warin yuriya ba ne. Ƙwayoyin bakteriya ne suka farfasa ta suka mai da ita amoniya, wato suka warware aikin da hantarku ta sha wahala ta yi.

Tun kafin Krebs masana sun san hanta ce ke yin yuriya. Abin da ya gagare su shi ne yadda take yi.

An haifi Hans Adolf Krebs ranar 25 ga Agusta, 1900, a garin Hildesheim na ƙasar Jamus. Mahaifinsa, Georg Krebs, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Asalinsu Yahudawa ne, amma gida ne da bai riƙe addinin sosai ba, suna kallon kansu Jamusawa kamar kowa. A watan Satumba na 1918 aka ɗauke shi soja ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai dai bayan wata biyu yaƙin ya ƙare. Ya shiga karatun likita, kuma bisa al'adar ɗaliban Jamus na lokacin ya yi ta sauya jami'a, daga Göttingen zuwa Freiburg, Munich da Balin, har ya karɓi digirinsa na likita a Hamburg a 1925. Zamani ne na baƙar wahala a Jamus. A 1923 kuɗin ƙasar ya lalace har ana cika kwando da takardun kuɗi a sayo burodi. Krebs ya yi aiki a wani asibiti a Balin ba tare da albashi ba, kuma da ya ga kemistirin da ya koya a makarantar likita bai kai ya yi bincike da shi ba, sai ya ƙara kusan shekara guda yana koyonsa.

A 1926 ya samu gurbin mataimaki a ɗakin gwajin Otto Warburg a unguwar Dahlem ta Balin. Warburg gagarumin masani ne, ya ci kyautar Nobel a 1931, amma fa ba shi da sauƙi. Aiki kwana shida a mako, daga safe har yamma, ba hira ba wasa. Shekara huɗu Krebs ya yi a ƙarƙashinsa, ya fito da abu biyu da suka zame masa jari har ƙarshen rayuwarsa. Na farko shi ne yanka nama da reza sirara-sirara, siririn da iska za ta iya ratsa shi, ta yadda yankan zai ci gaba da rayuwa da aiki na wasu awoyi a cikin kwalba. Na biyu shi ne manomita: wata 'yar kwalba ce da aka haɗa da siririn bututun gilashi mai lanƙwasa da ruwa a ciki, ana jijjiga ta cikin ruwa mai ɗumin jiki. In yankan naman ya shaƙi iska ko ya fitar, ruwan bututun sai ya hau ko ya sauka, ka karanta lamba ka yi lissafi. Krebs ya so a yi amfani da dabarar nan a bi diddigin yadda jiki ke sarrafa abinci mataki-mataki. Warburg bai ga abin a gabansa ba, kuma bai ƙarfafa masa gwiwar zama mai bincike ba. A 1930 ya bar wurin ya koma duba marasa lafiya a asibitin Altona, kusa da Hamburg, a 1931 kuma ya koma asibitin jami'ar Freiburg a ƙarƙashin Farfesa Siegfried Thannhauser.

Ku lura da halin da yake ciki a Freiburg. Likita ne mai gadaje wajen 40 a hannunsa, bincike sai in ya samu sarari. Mataimakinsa kuwa wani ɗalibin likitanci ne mai suna Kurt Henseleit, wanda yake neman abin da zai rubuta kundin kammala karatunsa a kai. Wato dai ɗan firojet ne kamar ni da ku.

Abu na farko da suka yi ba wani abin burgewa ba ne a ido. Ruwan gishirin da ake jiƙa yankan nama a ciki a lokacin bai yi kama da ruwan jini sosai ba, sai suka zauna suka haɗa nasu, suka daidaita gishirin sodiyam da potasiyam da kalsiyam da magniziyam da bayikabonet gwargwadon yadda suke a jini, suka busa masa oksijin kashi 95 da iskar kabon kashi 5. Har yau ana amfani da ruwan nan a ɗakunan gwaji na duniya, kuma da sunan su biyun ake kiran sa. Sannan suka samo hanyar auna yuriya cikin sauri. Akwai wani enzayim mai suna yuriyes da ake samu a wasu nau'o'in wake, wanda ke fasa yuriya ta koma amoniya da iskar kabon. Sai su zuba shi, manomita ta auna iskar da ta fita, daga nan su san yawan yuriyar. Magabatansu sukan ɗauki hanta sukutum su yi ta tura mata jini, dabba guda gwaji guda. Su kuwa hantar ɓera ɗaya sai ta ba su yanka da yawa, su gwada abubuwa daban-daban a rana ɗaya su kwatanta.

A nan zan ɗan tsaya in faɗi ra'ayina. Wannan duk aikin hannu ne: yanka, awo, wanke kwalba, daidaita na'ura, rubuta lamba daidai. Shi ne aikin da ake koya mana a poli, wanda wasu ke kallon sa kamar bai kai na mai digiri ba. Da a ce awon Henseleit na jeka-na-yi-ka ne, irin wanda wasunmu ke yi a firaktikal, mu kwafi lambar rukunin da ke gefenmu mu gyara ta ta yi kama da ta littafi, da abin da ya biyo baya bai faru ba. Ni ma na taɓa yi, ba wai ina wanke kaina ba ne.

Daga tsakiyar 1931 suka shiga gwaji. Su sa yankan hanta a kwalba, su ƙara amoniya, su ƙara wani amino asid, su auna yuriya. Ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu ba su kawo wani sauyin a-zo-a-gani ba. Wajen ƙarshen shekarar suka gwada wani da ake kira onitin, wanda ba ya ma cikin 20 ɗin da ake gina furotin da su. Sunansa daga kalmar tsuntsu ya fito a harshen Girka, don a kashin kaji aka fara gano shi. Da aka haɗa onitin da amoniya, sai yuriya ta yi tashin gwauron zabo, fiye da duk abin da suka taɓa gani.

Bayani mafi sauƙi shi ne a ce onitin yana da naitirojin biyu a jikinsa, su ya bayar aka yi yuriya. Da ni ne da nan zan tsaya in rubuta rahoto in miƙa. Amma lissafi bai yarda ba. Da suka rage onitin ɗin ya zama ɗan kaɗan, sai suka ga ƙwayarsa guda tana sa a samu ƙwayar yuriya fiye da 20, muddin akwai amoniya. Abin da ke da naitirojin biyu ba zai ba da arba'in ba. Kuma in an gama gwajin, onitin ɗin yana nan bai ƙare ba. Watanni Krebs ya yi yana juya wannan lamba a kansa.

Abin da ya buɗe masa hanya tsohon ilimi ne da kowa ya sani amma ba a haɗa shi da wannan ba. Tun 1904 Albrecht Kossel da Henry Dakin suka gano cewa a hanta akwai enzayim mai suna arjines, wanda ke fasa amino asid ɗin da ake kira arjinin gida biyu: yuriya da onitin. Krebs ya yi tunani, to in arjinin na haifar da onitin, me zai hana hanta ta ɗauki onitin ɗin ta ɗora masa amoniya da iskar kabon ta sake mai da shi arjinin, a sake fasawa, a sake ɗorawa? In haka ne, ai onitin ba kaya ba ne, abin hawa ne. Ku ɗauke shi kamar adaidaita sahu mai jigila tsakanin get da cikin gari. Ya fito ba kowa, ya ɗauki fasinja na farko, ya ƙara gaba ya ɗauki na biyu, ya isa tasha su sauka tare, ya juyo fanko ya sake lodi. Fasinjojin su ne naitirojin biyu, saukarsu tare da kabon guda ita ce yuriya, mai sauke su a tasha shi ne arjines. Adaidaita ɗaya sai ya yi sawu ashirin bai ragu da komai ba.

Saura abu guda. Tsakanin onitin fanko da arjinin mai cikakken lodi, dole a samu wani abu mai fasinja ɗaya. Krebs ya zana yadda ya kamata ya kasance a takarda, sannan ya shiga duba mujallu, sai ya tarar an riga an same shi. Wani masani ɗan Japan mai suna Wada, ba dai Wadan unguwarku ba, ya tsamo shi daga ruwan kankana ya bayyana tsarinsa a 1930, ana kiran sa sitrulin, daga sunan kankana a Latin. Wani Bajamushe mai suna Ackermann shi ma ya same shi ta wata hanyar. Krebs ya nemi a aiko masa da ɗan kaɗan, ya zuba wa yankan hanta tare da amoniya, yuriya ta tashi kamar yadda ya yi hasashe. A 1932 shi da Henseleit suka wallafa sakamakon. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa jiki na gudanar da wani aikinsa a zagaye, inda ƙarshe ke komawa mafari. Kafin nan tunanin masana a miƙe yake, wannan ya zama wancan, wancan ya zama na gaba, shi ke nan. Shekarunsa ba su wuce 32 ba.

Sunansa ya fara tashi. A watan Disamba na 1932 shugaban tsangayar likitanci ta Freiburg ya rubuta takardar yabo a kansa, yana nuna shi a matsayin abin alfaharin jami'ar. Ranar 30 ga Janairu, 1933, Hitila ya hau mulki. Ranar 7 ga Afrilu aka fito da dokar da ta kori masu asalin Yahudanci daga aikin gwamnati, har da jami'o'i. A cikin watan nan aka dakatar da Krebs, kuma wanda ya sa hannu a takardar shi ne dai shugaban tsangayar da ya yabe shi wata huɗu da suka wuce. Ba a ce ya yi laifi ba, ba a ce aikinsa ya gaza ba. Wannan wuri ne da na daɗe ina tunani a kai, don wanda ya sa hannun ba jahili ba ne, farfesa ne da ya san darajar abin da yake korewa. Shi ma Thannhauser, maigidan Krebs, bai tsira ba, daga baya ya ƙare a Amurka.

Sa'ar da Krebs ya yi ita ce aikin nasa ya riga shi tsallaka teku. Frederick Gowland Hopkins na jami'ar Kambirij, wanda ya ci Nobel a 1929 kan binciken bitamin, ya karanta takardar yuriya ta burge shi. Ya gayyace shi, gidauniyar Rockefeller ta ɗauki nauyinsa, a watan Yuni na 1933 ya isa Ingila. Ya yi nasarar fitowa da manomitocinsa, don haka bai daɗe ba ya koma bakin aiki.

Kuma kan naitirojin ɗin dai ya koma. Tambayar da ta rage ita ce, in hanta ce kaɗai ke da cikakken zagayen, yaya amoniyar da ake samarwa a ƙwaƙwalwa ko tsoka take isa hanta ba tare da ta yi ɓarna a hanya ba? A 1935 ya nuna cewa nama na iya ɗaukar amoniya ya liƙa ta a jikin gulutamet, ya zama gulutamin, wanda ba shi da dafi, kuma ana iya sake ɓalle ta a inda ake so. Gulutamet ɗin nan kun san shi, shi ne ke cikin farin magi. Wato gulutamin kamar gwangwani ne mai murfi da ake zuba guba a ciki a bi da ita ta jini. A 1937 kuma wasu masana biyu a Mosko, Alexander Braunstein da Maria Kritzmann, suka gano yadda amino asid ke miƙa kansa na naitirojin ga wani abu ba tare da amoniya ta fito fili ba, ta yadda naitirojin daga amino asid iri-iri yake taruwa a kan gulutamet kafin a sauke shi a hanta. Enzayim ɗin da ke wannan miƙa-miƙa suna bukatar bitamin B6, kuma biyu daga cikinsu su ne ALT da AST da muke aunawa a gwajin hanta. In ƙwayoyin hanta sun fashe sai su zubo cikin jini, lambarsu ta hau.

A asibitin da na yi siwes ne na ga amfanin sanin wannan. In ƙoda ta gaza, hanta na ci gaba da yin yuriya amma ba mai fitarwa, sai ta taru a jini, a kai ga wankin ƙoda. In kuwa hanta ce ta lalace, kamar yadda ciwon hanta nau'in B ke yi wa mutane da yawa a ƙasar nan a hankali ba tare da sun sani ba, adaidaitan ne ya tsaya. Amoniya sai ta hau kai. Mutum ya fara rikicewa, ya yi barci da rana ya kwana ido biyu, hannu na karkarwa, yana maganar da ba ta da kan gado, in abin ya yi nisa ya faɗa doguwar suma. Sau da yawa 'yan uwa sukan ɗauka iska ce ko taɓin hankali, a yi ta yawo da shi kafin a zo asibiti. Akwai kuma jariran da ake haifa da naƙasa a ɗaya daga cikin enzayim ɗin zagayen, su fito lafiya lau, bayan 'yan kwanaki da fara shan nono su shiga wani hali. Gwajin ciwon hanta nau'in B ba ya ɗaukar lokaci, kuma akwai allurar rigakafi. Wanda bai yi ba ya daure ya yi.

A 1935 Krebs ya koma jami'ar Sheffield, inda aka ba shi ɗakin gwaji mai faɗi da albashi mafi tsoka. A can ne a 1937, shi da wani ɗalibinsa William Johnson, suna aiki da naman ƙirjin tantabara, suka ga sitrik asid ɗan kaɗan yana sa nama ya shaƙi oksijin fiye da abin da lissafi ya yarda. Krebs ya taɓa ganin irin wannan lamba. Wasu manyan masana, irin su Albert Szent-Györgyi da Carl Martius da Franz Knoop, sun riga sun gano gutsattsarin hanyar, amma wanda ya taɓa ganin zagaye shi ne ya gane cewa wannan ma zagaye ne. Ya aika wa mujallar Nature, suka dawo masa da takardar cewa suna da abin bugawa da zai ishe su makonni. Ya aika wa wata mujalla a ƙasar Holan mai suna Enzymologia, ta buga. A kan wannan aiki aka ba shi Nobel a 1953, tare da Fritz Lipmann, wanda shi ma Jamus ta yi asararsa.

Kada kuma a ɗauka komai ya gano daidai. Shi a ganinsa naitirojin biyun duk daga amoniya suke shiga. Wata masaniya 'yar Amurka, Sarah Ratner, ita ta nuna cewa fasinja na biyu a kan wani amino asid mai suna aspatet yake zuwa, kuma akwai wani zango tsakanin sitrulin da arjinin da Krebs bai gani ba. A 1955 Mary Ellen Jones tare da Lipmann da wani abokin aikinsu suka gano yadda ake shirya fasinja na farko kafin ya hau, wato kabamoyil fosfet. An kuma gane cewa aikin ba kyauta ba ne, kowace ƙwayar yuriya tana cin ATP uku, kuma rabin tafiyar a cikin maitokondiriya ake yi, rabi a wajenta. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, in aspatet ya sauke naitirojin ɗinsa, gangar jikinsa da ta rage ita ce fumaret, wanda yake ɗaya daga cikin sunayen da muke haddacewa a zagaye na biyu. Ashe zagayen biyu a haɗe suke, har malamai kan kira su keken Krebs.

Sauran rayuwarsa ta tafi a natse. Ya auri Margaret Fieldhouse, malamar koyar da girki da kula da gida, a 1938, ya zama ɗan Birtaniya a 1939. Sun haifi 'ya'ya uku, kuma autansu John ya zama fitaccen masanin halayyar tsuntsaye, abin da ke ba ni dariya in na tuna daga inda sunan onitin ya fito. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga binciken abinci mai gina jiki a Sheffield, inda wasu da suka ƙi shiga soja saboda aƙidarsu suka ba da kansu aka hana su bitamin A ko C na tsawon watanni don a san ƙarancin abin da jiki ke bukata. A yau da wuya a bar wani ya yi irin wannan gwaji a kan mutane. Ya koma Oksfod a matsayin farfesa a 1954, shi da Hans Kornberg suka bayyana wani zagaye na uku a 1957, wanda ƙwayoyin bakteriya da tsirrai ke amfani da shi, Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir a 1958.

Da ya kai shekarun ritaya a 1967 bai koma gida ya zauna ba. Ya kwashe mutanensa da kayan aikinsa ya koma wani ɗakin gwaji a asibitin Radcliffe da ke Oksfod, ya ci gaba da bincike a kan hanta da ƙoda, har da yadda jiki ke daidaita saurin zagayen yuriya. A shekarunsa na ƙarshe ya zauna ya rubuta littafi guda a kan rayuwar Warburg, maigidan da bai ga alamar mai bincike a tare da shi ba, ya ba shi haƙƙinsa na malami ba tare da ya ɓoye halinsa ba. Yana kan aiki har zuwa gajeriyar jinyar da ya yi, ya rasu a Oksfod ranar 22 ga Nuwamba, 1981, yana da shekara 81.